Man Fayin: Daga Dajin Ƙanƙara Zuwa Kwalbar Turare a Sabon Gari

A wannan fitowar mun ɗauko maganar wani mai wanda kusan kowa a cikinmu ya taɓa shaƙar ƙamshinsa, amma kaɗan ne suka san sunansa. Sunansa man fayin. Bishiyar da ke ba da shi ba ta tsirowa a Fagge, ba ta tsirowa a Sabon Gari, amma man ya daɗe da shiga gidajenmu. Yana cikin ruwan da ake goge ɗaki da shi. Yana cikin wasu turarukan da iyayenmu maza da yayyenmu ke fesawa. Da shi ma ake haɗa wasu ƙamshin da ba wanda zai yi zaton suna da dangantaka da shi.

Mun zaɓi wannan batu ne saboda idan aka yi hutu, da yawa daga cikinmu, musamman 'yan mata, sukan je koyon haɗa turare da humra da sabulun ruwa da ruwan goge-goge. A irin waɗannan wurare dole a ji ana ambaton man fayin. Abin da muke so mu fahimta tare shi ne, abubuwa uku ne ake samu daga wannan bishiya, ƙamshinsu kuma ya yi kama da juna. Ɗaya ne kawai ake sa wa a turaren jiki. Sauran biyun ba na jiki ba ne. Wanda bai bambance su ba zai iya ƙona fatar mai sayen kayansa, ko ya jefa ƙaninsa cikin hatsari.

Wace bishiya ce fayin?

Sunan fayin daga Turanci muka aro shi. Larabawa suna ce mata sanaubar. Doguwar bishiya ce mai miƙewa sama sak. Ganyenta ba shi da faɗi irin na mangwaro ko na ceɗiya. Siriri ne kamar tsinken tsintsiya, yana fitowa bibbiyu, ko uku-uku, ko biyar-biyar a ɗaure wuri guda. Ba ta yin fure irin wanda muka saba gani. Irinta yana ɓoye ne a cikin wani ƙwanso mai ɓawo-ɓawo, wanda ya yi kama da 'yar ƙaramar abarba ta itace. Daga wannan kamannin ne ma Turawan Ingila suka samo sunan da suke kiran abarba da shi.

Akwai nau'in fayin fiye da 100 a duniya. Yawancinsu suna ƙasashen arewacin duniya ne, irin su Rasha, Kanada, Amurka, Sin da ƙasashen Turai masu sanyi. Ko a lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, sauran bishiyoyi suka kaɗe ganye, ita tana nan kore shar.

A Najeriya ma an shuka fayin, amma dasa ta aka yi, ba ita ta tsiro da kanta ba. An kawo nau'in yankin Karibiyan, wanda ke jure ɗumi, aka dasa shi a dajin Afaka kusa da Kaduna, da Miyango a tsaunukan Filato, da Ngwo a Jihar Inugu. Saboda katako da yin takarda aka shuka waɗannan. Kano kuwa raninta ya yi tsawo, zafinta ya yi yawa, bishiyar ba ta jin daɗin zama a nan. Shi ya sa man fayin da ke kasuwanninmu yawanci daga waje ake shigo da shi.

Me ya sa bishiya take yin ƙamshi?

Ba don mu take yi ba, don kanta take yi. Duk mun san ƙaro, wato ruwan nan mai danƙo da ke fitowa a jikin bishiya idan aka sare ta. Ita ma fayin tana da nata ƙaron. Idan ƙwaro ya huda ɓawonta, sai ƙaron ya kwararo ya liƙe ramin, wani lokaci har ya danne ƙwaron a ciki. Ƙamshin mai kaifi da ke tashi daga ƙaron yana korar wasu ƙwari, yana kuma hana ruɓa shiga wurin da aka ji wa ciwo. Ke nan abin da mu muke jin daɗin shaƙa, a wajen bishiyar magani ne da makami.

Babban sinadarin da ke ɗauke da wannan ƙamshi sunansa alfa-fayinin. A darasin kimiyya an koya mana cewa komai an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ake kira atam. Ƙwaya ɗaya ta alfa-fayinin tana da atam 10 na kabon da 16 na haidirojin. Ga abin mamaki: sinadarin da ke ba ɓawon lemo ƙamshinsa, wanda ake kira limonin, shi ma atam 10 na kabon da 16 na haidirojin gare shi. Yadda aka jera su ne kawai ya bambanta. Kamar a ba magina biyu bulo iri ɗaya, adadi ɗaya, wannan ya gina shago, wancan ya gina zaure. Hancinmu kuma yana gane bambancin nan take.

Yadda ake fitar da man

Wanda ya taɓa ganin yadda ake turara dambu ya riga ya san rabin aikin. Ana zuba ruwa a tukunya, a ɗora madambaci a kai, tururi ya riƙa ratsa tsakin ta ƙananan hudoji. Haka ake yi wa fayin. Ana yanko ganye da ƙananan rassa, a daddatsa su, a cika wata babbar tukunyar ƙarfe da su, sannan a turo tururi ta ƙasa. Zafin tururin sai ya fasa 'yan jakunkunan da man ke ciki, ya ɗauko man ya yi sama da shi.

Bambancin da dambu shi ne, a nan ba a barin tururin ya gudu. Ana rufe tukunyar ruf, a bar masa hanya ɗaya ta cikin wani bututu da aka nannaɗe a cikin ruwan sanyi. Da tururin ya ji sanyi sai ya koma ruwa, kamar yadda muke ganin ɗigon ruwa a ƙarƙashin murfin tukunya. Abin da ya ɗigo ana tara shi a kwalba. Tunda mai da ruwa ba sa haɗuwa, sai man ya taso sama kamar yadda yake tasowa a kan miya, a kwashe shi.

Aikin yana cin ganye sosai. Daga kilo 100 na ganyen fayin, man da ake samu yawanci bai kai kilo 1 ba. Shi ya sa na gaskiyar yake da tsada.

Wannan dabara tsohuwa ce. Tun a ƙarni na 9, a birnin Bagadaza, akwai littafin da ake jingina wa malamin nan Al-Kindi a kan haɗa turare da tatsar mai da tururi, mai ɗauke da hanyoyi fiye da 100. Daga baya Ibn Sina ma ya shahara da maganar tatsar furen wardi.

Irin wannan mai daban yake da man gyaɗa ko manja. Ga gwajin da kowa zai iya yi ba tare da hatsari ba. A ɗiga man gyaɗa kaɗan a gefe ɗaya na farar takarda, a matse ɓawon lemo a ɗaya gefen, a ajiye zuwa gobe. Maiƙon man gyaɗa yana nan daram. Na lemo kuwa yawancinsa ya bi iska. Man fayin ɗan'uwan na lemo ne. Bin iskar da yake yi shi ne ke kawo shi hancinmu.

Uwa ɗaya, 'ya'ya uku

Nan ne zuciyar bayaninmu, don haka mu karanta a tsanake.

Na farko shi ne man ganyen fayin, wanda muka gama bayanin yadda ake tatso shi. Ana yin sa a wurare irin su Saberiya ta ƙasar Rasha da tsaunukan Ostiriya. Fari ne kamar ruwa ko kuma ya ɗan yi ɗorawa-ɗorawa. A ƙananan kwalabe masu duhu ake sayar da shi. Shi ne masu haɗa turare ke amfani da shi, shi ma sai an sirka.

Na biyu shi ne tafentayin. Shi ba daga ganye yake fitowa ba, daga ƙaron ne. Ana tsaga ɓawon bishiyar a ɗaura mata ɗan kofi, ƙaron ya riƙa taruwa. Ƙasashen Sin da Barazil da Indunusiya ne kan gaba a wannan sana'a. Ana kuma samun sa a masana'antun da ke dafa itacen fayin don yin takarda. Idan aka dafa ƙaron, ruwan da ya tashi shi ne tafentayin, wanda masu fenti ke sirka fenti da wanke burushi da shi. Daskararren da ya rage a tukunya sunansa rozin. Shi ne ke cikin wayar dalmar da masu gyaran rediyo da wayar hannu ke liƙi da ita. Hayaƙin nan mai ƙamshin itace da ke tashi idan suna aiki, na fayin ne.

Na uku shi ne man fayin na goge-goge. Yawancinsa a masana'anta ake yin sa, ta hanyar haɗa tafentayin da ruwa da asid har ya juye ya zama wani sinadari mai suna tafiniyol. Wannan shi ne wanda masu sayar da kemikal ke aunawa daga jarka, wanda ake sa wa a ruwan wanke banɗaki irin su Izal na haɗin gida. Yana kashe wasu ƙwayoyin cuta, yana narkar da maiƙo. Yana cikin Dettol na ruwa, wanda aka fara sayarwa a Ingila a farkon shekarun 1930. A Amurka kuma tun 1929 aka fito da wani ruwan goge-goge mai suna Pine-Sol wanda aka gina shi a kan wannan mai.

Mun lura da yadda Dettol ke zama fari kamar madara da zarar an zuba shi a bokiti? Dalili shi ne man da ke cikinsa ba ya narkewa a ruwa. Sai ya farfashe ya zama ƙananan ɗigo bila adadin, sabulun da ke ciki ya riƙe su suna yawo, su kuma su riƙa watsa haske, idonmu ya ga fari.

To ga matsalar. A baki, na farko da na uku duk man fayin ake ce musu. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Aikinsa a cikin turare

Turare ba abu ɗaya ba ne, taron ƙamshi ne da yawa, kuma ba lokaci ɗaya suke tashi ba. Masu haɗa turare sun kasa su hawa uku. Akwai na sama, wanda hanci ke fara ji da an buɗe kwalba, irin su lemo da na'ana'a, kuma shi ke fara gudu. Akwai na tsakiya, irin su wardi da ƙanumfari, wanda ke ɗaukar wasu awanni. Akwai na ƙasa, irin su sandal da miski da ud, wanda ke kwana a jikin riga.

Man ganyen fayin yana tsakanin hawan sama da na tsakiya. Ƙamshinsa mai kaifi ne, mai sanyi, kamar na ɗanyen itace da aka sara yanzu. Wanda ya taɓa murza ganyen bishiyar turare, wadda wasu ke ce wa zaiti, ya shaƙa, ya ji wani abu mai kusa da shi. Aikinsa shi ne ya wartsake turaren da ya yi nauyi ko ya cika zaƙi. An fi sa shi a turaren maza da sabulu da man aski. A 1955 wani kamfani a birnin Banis na Italiya ya fito da turaren Pino Silvestre, kwalbarsa kore mai siffar ƙwanson fayin. Turaren Polo mai koriyar kwalba, wanda ya fito a 1978, shi ma da ƙamshin fayin a cikinsa. Hatta 'yar bishiyar kwalin nan da ake ratayawa a madubin mota, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1952, siffar irin waɗannan bishiyoyi aka yi mata.

Amma kaɗan ake sa wa. Bari mu yi lissafi irin na aji, a matsayin misali. A ce kwalba tana cin mililita 50, kuma kashi 10 cikin 100 ne madarar turare, sauran abin sirki ne. Madarar ta zama mililita 5, wato cikin ƙaramin cokalin shayi. A ce kashi 4 cikin 100 na madarar ne fayin. Ya zama mililita 0.2. Tunda kusan ɗigo 20 ne ke yin mililita 1, ɗigo 4 ke nan a duk kwalbar. Kamar gishiri yake a miya. Idan ya yi daidai ba a ma san da shi ba. Idan ya yi yawa, sai mutum ya shigo ɗaki a ɗauka an gama goge asibiti ne.

Sandal ɗin da bai taɓa ganin Indiya ba

Babban aikin fayin a harkar turare a ɓoye yake. Itacen sandal na asali, wanda aka fi sani daga yankin Maisur na Indiya, yana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya yi mai, an kuma sare shi fiye da kima har ya yi tsada ƙwarai. Sai masana kimiyya suka gano cewa za su iya ɗaukar alfa-fayinin daga tafentayin, su sake masa tsari mataki-mataki, har ya koma sinadari mai ƙamshin sandal. Da irin wannan hanya ake yin kafur na masana'anta. Daga tafentayin kuma ake yin wasu sinadaran masu ƙamshin wardi da na wasu furanni.

Saboda haka idan muka ga madarar turare mai sauƙin kuɗi an rubuta mata sandal ko wardi, ba lalle ne ta fito daga itacen sandal ko furen wardi ba. Mai yiwuwa kakarta bishiyar fayin ce a wani daji na Sin ko Barazil. Wannan ba laifi ba ne, domin shi ya sa talaka ma yake iya sayen turare, kuma yana rage wa bishiyar sandal sara. Laifin shi ne mai sayarwa ya ce na asali ne, ya karɓi kuɗin na asali.

Yadda ya iso unguwanninmu

Fagge ta daɗe da sanin turare. Masana tarihi sun ce tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, nan ne masaukin fatake da ayarin raƙuma masu ratso hamada. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya lissafa kayan ƙamshi irin su jawul da ƙanumfari da man wardi a cikin hajar da ake shigowa da ita. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai kaya suka fara zuwa ta bakin teku, Sabon Gari kuma ta kafu bayan 'yan shekaru kaɗan. Turaren Bint El Sudan, wanda kakanninmu ke kira Bintu Sudan, a Landan aka fara haɗa shi a 1920, yanzu kuma kamfanin Gongoni ke ɗura shi a nan Kano.

Yau Kasuwar Sabon Gari, wadda sunanta na hukuma Kasuwar Muhammad Abubakar Rimi, tana cikin Ƙaramar Hukumar Fagge. A cikinta da kewayenta akwai masu madarar turare da kwalabe, akwai kuma masu kemikal na sabulu da goge-goge. Mace ɗaya takan sayi kayan humra a wannan shago, ta sayi kayan Izal a na gaba, ta zuba su a leda ɗaya ta kai gida. Kayan humra da turaren wuta, irin wanda matan Barno suka yi fice a kai, sanannu ne: farce, sandal, miski, kajiji, hawi da sauransu. Man fayin na jarka ba ya cikinsu.

Inda hatsarin yake

Na ɗaya, fata. Man fayin na goge-goge da tafentayin suna sa fata ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi, wani lokaci har ta saɓule. Wanda ya ga na jarka ya fi araha ya zuba shi a turare ko humra, ya cuci mai saye, ya kuma kashe kasuwarsa da hannunsa. Araha ba ta ado. Ko na turaren ma ba a shafa shi tsura. A sirka shi, a ɗan shafa a cikin hannu, a jira kwana ɗaya a gani.

Na biyu, tsufa. Idan iska da zafi da hasken rana suka daɗe suna taɓa man fayin, yakan canza ya zama mai cin fata fiye da sabo. Ƙungiyar masu turare ta duniya, IFRA, wadda aka kafa a 1973, ta sa doka a kan haka. Mu da zafinmu kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ya kamata mu fi kowa kula. A ajiye shi a kwalba mai duhu, a rufe ta sosai, a sa ta a inuwa.

Na uku, sha. Wannan ya fi kowanne tayar da hankali. Sau da yawa a robar ruwa ko ta lemo ake auno kemikal, ba rubutu, ba alama. Yaro ɗan shekara biyu bai san bambanci ba. Idan haka ta faru, kada a sa shi amai, domin man na iya faɗawa huhunsa, can kuma ya fi yin ɓarna. Kada a ɗura masa manja ko madara. A garzaya da shi asibiti mafi kusa, a tafi da robar don likita ya ga abin da ya sha. Idan a ido ya fantsama, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta kamar minti 15, sannan a je asibiti. Masu kyanwa a gida su sani cewa ita ma man fayin guba ne a gare ta.

Na huɗu, wuta. Tururin tafentayin yana iya kamawa tun daga zafin digiri 35 idan ya haɗu da tartsatsi. Kada a ajiye shi kusa da murhu ko risho, kada kuma a tsiyaya kowane irin mai kai tsaye a kan garwashin kasko. Iyayenmu ba su manta da gobarar da ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ba. Mun san abin da wuta ke yi idan ta samu abin ci.

Akwai kuma maganar abin sirki. Itanol ake sirka turaren fesawa da shi. Akwai wani mai kama da shi, mitanol, wanda ya fi araha, amma guba ne, shan kaɗan daga cikinsa yana iya makantar da mutum. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke kula da kayan shafa da sinadarai a ƙasar nan. Mu riƙa duba lambarta a jikin abin da za mu saya.

Namu na gida

Kada mu ɗauka wannan ƙamshi na ƙasashen ƙanƙara ne su kaɗai. A dazuzzukan arewacin Najeriya, musamman wurare masu duwatsu, akwai bishiyar hano, wadda wasu ke kira ararraɓi, mai ɓawo da ke ɓarewa kamar takarda. Kakanninmu sun daɗe suna turara ƙaronta a ɗaki. 'Yar'uwa ce ga bishiyar lubban ta Oman da Yaman da Somaliya. Da masana suka tatsi man ƙaron hano suka auna, sai suka tarar alfa-fayinin na cikin manyan sinadaransa. Wato abin da ake ɗauko mana daga nesa a jirgin ruwa, ɗan'uwansa yana tsaye a dajinmu.

Wannan ya ba mu abin tunani. Madarar turare daga waje take zuwa, kwalba daga waje, abin sirki daga waje, mu namu haɗawa da sayarwa. Alhali tukunyar tatsar mai ba ta fi ƙarfin maƙeranmu ba, ilimin kuma yana farawa ne daga darasin nan na ƙafewar ruwa da komawar tururi ruwa, wanda wasunmu ke hamma idan ana yin sa. Amma bishiyar da aka sare aka yi itacen girki da ita ba za ta ba kowa ƙaro ba. Idan muna son wata rana a ga turaren da aka tatso mansa a Kano, sai hano ya rayu tukuna.

Abin da za mu kai gida

Duk wanda aka aika sayen man fayin, ya yi wa mai shago tambaya uku cikin ladabi: Baba, wannan na turare ne ko na goge-goge? Ina jarkar ko kwalbar da aka zubo shi daga ciki? Yaushe aka buɗe ta? Tambaya ba ta zama laifi, kuma mai shagon kirki ba zai ji haushi ba.

Idan an kawo gida, mu da muka iya rubutu mu ɗauki biro da takarda mu liƙa suna a jikin kowace roba, mu ɗora ta inda hannun yara ba ya kaiwa. Kayan turare su zauna daban, kayan goge-goge su zauna daban, kowanne da mazubinsa da cokalinsa. Mu kuma karanta wa iyayenmu mata da yayyenmu masu wannan sana'a abin da muka koya, domin rigakafi ya fi magani.

Tambayar wannan fitowa: me ya sa man fayin yake tasowa saman ruwa maimakon ya nutse? A rubuta amsa a takarda, a sa aji, a miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Amsar da ta fi kyau za mu liƙa ta a nan.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.